Hannayen Edwige a Ruwan Zafi

Kafin 'yan acaba su fara hayaniyarsu a mararrabar Bepanda da ke birnin Douala, Edwige Noubissi ta riga ta ɗora tukwanenta a wuta. Ta jera tawul, ta leƙa miyar nkui ta ga ko yauƙinta ya kama. Can sai masu jego su fara isowa, kowace da jariri a kafaɗa, tana taka ƙasa a hankali. Edwige ta tsoma tawul a ruwan zafi, ta matse, ta gasa ciki da baya da ƙugu, ta bi da man kaɗanya. Mai kuka ta yi kuka, mai zagi ta yi zagi. Ita dai sai ta ce, "Zage ni son ranki, ƙanwata, gobe ma ina jiranki." Daga nan a zaunar da mace gaban tuwon masara, ba ta tashi sai ta ga ƙasan kwano.

Wanda ya gan ta da ɗaurin ƙirji, gumi na tsiyaya, ba zai yarda babbar ma'aikaciya ce a da a wani kamfanin inshora a unguwar Bonanjo ba, har da motar ofis. Sakatariyarta ce ta tayar mata da hankali, da ta dawo aiki bayan haihuwa tana tafiya a duƙe. Uwar yarinyar na can ƙauye ba halin zuwa, a wurinmu kuwa uwa ce ke gasa 'yarta. Edwige ta duba ta ga irin waɗannan mata sun cika Douala. Ta bi tsofaffin ungozomomi ta koyi aikin, ta tambayi likitoci wadda za a taɓa da wadda ba za a taɓa ba, sannan ta ajiye aikinta.

Dangi suka ce asiri aka yi mata, ko a jikinta. Abin da ya ci mata rai mahaifiyarta ce, Ma'a Terez, wadda ta yi shekara da shekaru tana suyar fanke a bakin titi har ta kai ta jami'a. Tsohuwar ta ce ba ta ƙona fuskarta a wuta don 'yarta ta ƙare a wankan matan wasu ba, ta rantse ƙafarta ba za ta taka gidan Edwige ba. Ma'a Terez kuwa in ta kafe, ko limamin cocinsu haƙura yake yi. Ranar Lahadi suna cin abinci tare a gidan tsohuwar, ana hirar kowa da komai, ban da aikin.

Ke ce kika haɗiye wannan, Edwige, ba ki taɓa mayar mata da magana ba, ko da yake mun san yana miki zafi. Mu maƙwabta mun ga ranar da kika taɓa ƙafar wata mai jego, kumburin bai yi miki ba, kika ajiye tawul kika tura ta asibiti mijinta yana mita. Daga baya shi ya dawo da kazar godiya yana sunkuyar da kai. Mun ga waɗanda ke zuwa ba barci, ba sa ko son kallon jaririn, kina zama da su ba gaggawa har bakinsu ya buɗe. Uwar waɗanda uwarsu ta yi nisa, haka matan kasuwa ke kiranki, ke kuma sai ki kau da kai.

Bana Solange, ƙanwar Edwige, ta haihu. Ma'a Terez ta tare a gidan kamar yadda aka saba, ta dafa ruwa, ta tsoma tawul, sai yatsu suka ƙi. Sanyin ƙashi ya lanƙwashe su, matsewar ta gagara. Solange ta ce tsohuwar ta gwada, ta sake gwadawa, sannan ta haƙura ta zauna gefen baho.

Washegari da hantsi tasi ta tsaya a ƙofar Edwige. Solange ta fito, tsohuwar na biye da jika a hannu. Ta daɗe a tsaye tana kallon dokin ƙofar kafin ta tsallaka.

"Mama, kin zo," in ji Edwige.

"To, ba ki da ido ne?" Ta turo Solange gaba. "Ga 'yata. Aikina ne, hannuwan ne suka gaji. Yi mata yadda zan yi mata." Ta nemi kujera ta zauna, ba ta kalli kowa ba. "In kin gama da ita, ki duba min yatsun nan."

Mun gode, Edwige, Allah ya ƙara wa hannun nan albarka. Duk mai wani aikin alheri a ransa da tsoron bakin dangi ya hana shi farawa, ya zo Bepanda ya ga yadda ake haƙuri. Ranar nan mun gan ki kina gasa ƙanwarki kina share hawaye da kafaɗa, domin hannayenki biyu na cikin ruwan zafi, uwarki kuma na zaune tana jiran layi ya zo kanta.