An Yi wa Wana Sadakar Mutuwa Alhali Yana da Rai

A shekarar da zan ba ku labarinta, ni matar aure ce mai ƴaƴa biyu a wani ƙaramin ƙauye na ƙasar Attantané, cikin yankin Mayahi. Na ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, kafin a yi mini aure, shi ya sa nake iya riƙe alƙalami, amma ban taɓa zuwa wani wuri da ya wuce kasuwar Mayahi ba. Sojoji ke mulki a lokacin. Damina ta ƙi, hatsi ya tsiro ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye, wake ko fure bai yi ba. Mijina ya tafi cirani Najeriya tun kafin a rufe iyaka, daga nan ba saƙo ba labari. Muka cinye abin da ke rumbu, muka koma dussa, muka koma jiƙa ƴaƴan anza na daji muna zubar da ruwan ɗacinta muna ci. Na kwashi yarana na koma gidan iyayena, na tarar su ma halin da suke ciki ke nan.

A gidanmu akwai wanda ba a ambata sai an haɗa da addu'a. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi nake bi. Shi ya yi ta goyona ina ƙarama. Tun yana yaro ya fi son zama cikin mata. In ana daka ya karɓi taɓarya, in ana kitso ya zauna yana kallo har ya fi kowa iyawa, tafiyarsa da maganarsa duk irin tamu. Baba ya dake shi har ya gaji, malamai suka yi masa rubutu, bai sake ba. Ina ƴar yarinya aka wayi gari Baba da ƙanensa sun tafi da shi, wai za su kai shi neman aiki. Bayan wani lokaci Baba ya tara mutane ya ce labari ya zo, zazzaɓi ya kashe shi a hanyar Kano, har an rufe shi can. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku da ta arba'in. Inna ta yi kuka har idonta ɗaya ya soma dushewa. Ni kuwa na girma ina sa shi cikin addu'ar mamata.

Da yunwa ta tsananta, ƙaramin ɗana ya soma kumburin ƙafa, gashin kansa ya yi ja. Muka ji ana rabon jar dawa ta agaji a Tasawa, sai na bi wasu matan ƙauyenmu, wani wuri a ƙasa, wani wuri a amalanken wanda ya tausaya mana. Da muka isa aka ce rabon na mutanen yankin Tasawa ne, mu ƴan Mayahi mu koma can mu jira namu. Na zauna a gindin wata bishiyar bedi kusa da tasha, yaran ko ƙarfin kuka ba su da shi. Wata tsohuwa mai bara ta ce mini in zagaya bayan tasha, akwai mai tuwon da ake ce wa Uwar Tasha, ba ya korar yaro, ko ƙanzo ne zai ba shi da miya. Na yi mamakin yadda ta ce uwa ta kuma ce ba ya kora, amma ban tsaya tambaya ba.

Abin da na tarar namiji ne, ya ɗaura zane a kan riga, da kwalli a ido da lalle a hannu, yana tuƙa tuwo yana wasa da direbobi da muryar mata. Na san ana cewa akwai ƴan daudu a birni, amma ban taɓa ganin ɗaya ba. Na ja da baya, yaran suka ja ni gaba saboda ƙamshin miya. Ya ɗago kai zai zuba musu, ya dube ni, muciya ta suɓuce daga hannunsa. Sai ya kira ni da wani sunan wasa da mutum ɗaya ne kawai a duniya ya taɓa kirana da shi. Na ga tabon da ke girarsa ta hagu, inda guga ya taɓa fasa shi a bakin rijiyarmu. Na ƙwalla ihu, na saki hannun yara, ina ta a'uziyya, don na ɗauka fatalwa ce ta fito mini da rana tsaka. Ya riƙe ni, abin da kawai yake maimaitawa shi ne: "Inna tana da rai? Ki faɗa mini, tana da rai?"

Da hankalina ya dawo na faɗa masa cewa mu a wurinmu ya daɗe da mutuwa, har da inda aka yi zaman makoki da irin wainar da aka raba. Da farko ya yi dariya, ya ɗauka ba'a ce. Da ya ga fuskata sai ya zauna a kan turmi, tuwo yana ƙonewa bai ko waiwaya ba. Daga baya ya ce ranar da suka fita, Baba ya kai shi bakin babbar hanya ya ce daga yau ba shi da ɗa, in ya sake tako ƙauyen bai yafe masa ba, ya kuma ce da yawun Inna yake magana. Duk shekarun nan yana zaune da tunanin uwarsa ta san inda yake, ta ƙi nemansa. Ita kuma tana can tana yi wa kabarin da babu shi addu'a. Ban san wanda ya fi wani kaɗuwa ba tsakanina da shi a ranar.

Ya kai mu gidan da yake zaune, ɗaki biyu a bayan kasuwa. A nan na tarar da wani Bafillace, dogo mai ƙarancin magana, wanda shanunsa suka ƙare tun farin da ya gabata, ya koma sayar da itace. Shi ke kawo wa wana itacen girki da ruwa. Suka ba mu ɗaki guda, su biyu suka zauna a ɗayan, na kuma lura ba yau suka fara ba. Ba wanda ya yi mini bayani, ni ma ban tambaya ba. Na dai ga in wana ya dawo da ƙunar wuta a hannu, Bafillacen ne ke shafa masa mai, in Bafillacen ya makara a daji, wana ba ya iya cin abinci. Shi wannan Bafillacen ne ya ɗauki ɗana a kafaɗa ya kai shi likita, shi ya riƙa nemo masa madara daga wurin ƴan'uwansa har kumburin ya saɓe.

Zan faɗi gaskiya, ina cin tuwonsa ina jin kunyarsa. Ina taya shi wanke kwanoni a tasha, amma in an tambaye ni sai in ce ƴar ƙauyensu ce kawai. Ya ji ni da kunnensa, ya ci gaba da tuƙa tuwonsa. Abu ɗaya yake roƙona kullum, in je in zo masa da Inna. Ya ce zai sa ni a mota, in ce mata asibiti zan kai ta a duba idonta, Baba ba zai gane ba. Ya ce ranar da za ta zo zai wanke kwallin, ya sa babbar riga da hula, har ya kai wa tela ɗinki. Ni kuwa kullum da dalilina: yaro bai yi ƙwari ba, rana ta yi zafi, bari dai a yi ruwan farko. Abin da ke raina shi ne tsoron Baba, da tsoron abin da ƙauye zai ce in ya ji cewa mamacinmu yana Tasawa da zane a ƙugu. Haka rani ya ƙare ina cewa gobe.

Lokacin shuka ya zo, sama ba ko gajimare. Aka fita roƙon ruwa, aka sake fita. Sai magana ta soma yawo a gari cewa zunubin mata masu zaman kansu da ƴan daudu ne ya riƙe ruwa. Wata safiya muna cikin sauke tuwo, sai ga babbar mota da masu kaki, samarin gari na biye da su da sanduna. Ban san wanda ya ba da umarnin ba, a zamanin nan ba a tambaya. Wani ya sa ƙafa ya hamɓare babbar tukunya. Tuwo mai zafi ya zube cikin rairayi, a shekarar da mutane ke cin ganye, yara suka faɗa kansa suna kwasa da ƙasa suna kaiwa baki. Aka fizge zanen wana, aka durƙusar da shi, aka aske masa kai da reza ba ko ruwa, jini yana bin wuyansa. Cikin masu ihu da jifa na gane fuskokin da na sha miƙa wa kwano kyauta da hannuna. Na yunƙura zan matsa, ya hango ni, ya girgiza kai a hankali, ya nuna mini yarana da ido. Na tsaya. Aka jefa shi mota tare da matan da sauran irinsa, aka yi kudu da su.

Da Bafillacen ya dawo daga daji na faɗa masa, sai ya saki igiyar jakinsa ya faɗi zaune a tsakiyar tasha yana kuka da ƙarfi. Duk wanda ya san Fulani ya san ko ɗansu ya mutu ba sa yin haka a gaban mutane. Jama'a suka tsaya suna kallo, wasu na dariya. A nan ne na gane abin da na yi wata da watanni ina gani ban yarda na gani ba: mutumin nan ba shi da kowa a duniya sai wana. Ya tashi ya share fuska, ya bar mini jakin da ɗan hatsin da ya rage a ɗaki, ya ce in koma gida da yara, in ya same shi zai aiko. Ya saɓa sandarsa ya bi hanyar da motar ta bi. Daga ranar ban ƙara ganin ko ɗayansu ba, saƙo kuma bai zo ba. Bayan wani lokaci aka yi ruwa, na ji mutane na cewa ai ga shi nan, an kori ƙazanta sama ta buɗe.

Na koma ƙauye. Muna gona mu biyu da Inna, tana saran rami ina zuba iri, na faɗa mata komai, ban rage ko zanen ba. Na yi zaton za ta suma ko ta ƙaryata ni. Sai ta dogara da sungumi ta ce: "Ya yi ƙiba ko ya rame?" Na ce ya yi ƙiba, Inna. Ta ce ya tambaye ta? Na ce ita ce kalmarsa ta farko. Sai ta tambaye ni wata nawa na yi a wurinsa. Da na faɗa mata, ta ɗago ido mai kyaun nan guda ta dube ni, ta ci gaba da sara. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ba ta yi faɗa da Baba ba, amma daga ranar ban ƙara jin ta yi masa maganar da ta wuce ta dole ba. Har ta rasu, duk ɗan ciranin da zai tafi Najeriya sai ta tare shi a hanya, ta roƙe shi ya duba mata cikin masu tuwo a tashoshi, ko zai ga mai tabo a gira.

Yanzu na tsufa. Ina jin ƴan makaranta suna gardama a kan sababbin labarai da rubuce-rubucen da suke karantawa a waya game da mutane irin wana, wasu na cewa duk abin Turawa ne aka kawo mana. Wana bai taɓa shiga lakwal ba, bai san kalma ɗaya ta Faransanci ba, a ɗakin da aka haife ni aka haife shi. Ni ba malama ba ce, ba zan yanke hukunci ba, hisabinsa yana wurin Allah kamar nawa da na Baba. Abin da na gani da idona shi ne ya ciyar da ƴaƴana a shekarar da ba wanda ya iya, ni kuma na kasa kiransa wana a gaban mutane. Iyaye, ko me kuka gani ga ɗanku da ya ɗaga muku hankali, kada ku kashe shi da baki yana numfashi, don ba shi kaɗai kuke binnewa ba. Ke kuma da ke riƙe da labarin da wata uwa ke jira, ki tashi yau ki kai mata, kada ki tsaya jin abin da gari zai ce. Tsakanin Tasawa da ƙauyenmu tafiyar yini ce a mota, ni ce na mai da ita tafiyar da ba a taɓa yi ba.