Yadda Ake Yi wa Baba Magana

Mahaifina ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wata masaƙa a Kakuri, a ɗakin da injinan saƙa ke ƙwanƙwasa ba hutu. A can ba a hira yadda mutane ke yi. Inji ya buga, ka jefa kalma ɗaya a ɗan tsakanin da ya bari, ya sake bugawa, ka jefa ta biyu. Da masaƙar ta rufe, kowa ya koma gida da abin da ya samu. Baba da kunnen masaƙa ya dawo mana gida Kamazou.

Ba kurma ba ne. Cokali ya faɗi a ɗaki, yana ji daga ƙofar gida. Amma ka jero masa magana, sai ya zuba maka ido kamar ka zo masa da tallar maganin basir. Sai ana bugu, kalma na faɗowa tsakanin bugu da bugu, sannan take shiga. Mama da ludayi take yi a gindin tukunya. In suna faɗa, maƙwabta kan ɗauka zumuntar matan coci ce ke gwajin waƙa. Fasto ma da ya zo addu'a, sai da ya riƙa marin tasa cinyar har zuwa amin. Yayana ya sayo masa na'urar kunne, Baba ya gwada ya cire, ya ce shirmenmu kawai ta ƙara wa ƙarfi.

Ni kuwa Allah bai ba ni bugu ba. Tun ina yarinya aka sallame ni daga mawaƙan coci saboda tafina yana ruɗa mai ganga. Haka na girma ina yi wa ubana magana ta bakin wasu, abin kuma ya daɗe yana cin raina.

Mutum ɗaya ne ba ya buƙatar ludayi, wani dattijo ɗan Filato da suka yi aiki a layi ɗaya a masaƙar. Kowace Asabar yakan hau acaɓa daga Kakau, su zauna a gindin mangwaro suna gyaɗa kai tare kamar ƙadangaru, suna jefa wa juna kalma ɗaiɗai, suna dariya har da hawaye.

Wata Asabar da safe aka bugo waya cewa dattijon ya rasu. Baba na can gindin mangwaro sanye da wankakkiyar riga, yana kallon hanya. Mama ta ɗauki ludayi, amma kuka ya ci ƙarfinta. Ta miƙo mini.

"Je ki faɗa masa, kar ya wuni yana jira."

Na fita da ludayi da murfin tukunya, na durƙusa gabansa, na fara bugawa ina faɗa. Ya yamutsa fuska.

"Ke, injin nan naki ya lalace. A kira makaniki."

Na sake gwadawa. Ya fashe da dariya, ya ce in da a masaƙa ne, da tuni na yaga yadin mutane. Ina hawaye, ina dukan murfi, shi kuma ya ɗauka wahalar bugun ce ta sa ni kuka, yana ta gyara mini hannu. Haushi ya turnuƙe ni, saura kaɗan in yi jifa da murfin.

"Ajiye," in ji shi. "Ni zan buga, ke ki sa maganar."

Ya soma dukan gwiwarsa da tafin hannu, a hankali, yana murmushi. Na jira tsakanin, na sa kalma ɗaya. Ya buga, na sa ta biyu.

"Baba. Abokinka. Ya. Rasu."

Ita ce magana ta farko da ya taɓa ji daga bakina kai tsaye, kuma har yau ina jin zafin hakan.

Murmushin ya tafi, amma hannun bai tsaya ba. Ya ci gaba da bugawa, idonsa a kan hanya. Can ya juyo ya dube ni.

"Zauna, 'yata. Faɗa mini yadda aka yi. Kar ki yi sauri."