Maɓallin Ƙasa

Shekara talatin da huɗu Ottmar Brandl yana share bututun hayaƙi a ƙauyukan gindin dutse, bai taɓa yarda da zancen nan na sa'a ba. Mutanenmu na Bavariya kuwa ba ka raba su da shi. Da sun hangi mai sharar bututu cikin baƙaƙen kayansa da doguwar hula, sai sun zo sun murza maɓallin rigarsa, wai don ranar ta yi kyau. Shi dai abin da ya sani, murzar tana tsinka zare, matarsa Walburga ke shan ɗinki tana mita.

Ran nan Walburga tana kwance a asibiti, ƙarfe biyu za a shiga da ita tiyatar zuciya. Ita ta kore shi tun da safe.

"Tafi aikinka, tsoho. Wannan kai-komon naka sai ya kashe ni kafin likita ya taɓa ni."

Ya tafi, amma gangar jiki kawai. Ya hau rufi ya bar buroshi a ƙasa. Ya sauko, ya koma, ya zura igiya mai curin ƙarfe, ya duba agogo, ya sake dubawa. Tsoro yake ji, ba wani abu ba. A can sama ne wani tunani ya shige shi, irin wanda da jiya ne sai ya yi wa mai shi dariya: in da gaske akwai sa'ar nan fa, kuma tana ƙarewa? To, yau ba mai taɓa masa maɓalli. Walburga zai kai wa, ko ɗigo ba a rage ba.

Yana saukowa Xaver mahauci ya miƙo hannu. Ottmar ya goce.

"A'a! Baƙin mutum, yau rowa ake ji?"

"Je ka murza wutsiyar aladenka."

Haka ya bi layi yana ƙanƙame da gaban riga kamar mai ciwon ciki, mata suna kiransa yana ƙara sauri.

Gidan ƙarshe na tsohuwa Kreszenz ne, wadda ke zaune ita kaɗai. Ta tare shi da kukan ciwon kai, kwana uku ke nan. Yana shiga hancinsa ya gaya masa sauran. Ya saka madubi ta ƙasan bututun, ko ɗan haske babu, hankaki sun toshe shi da sheƙa. Ƙarfe ɗaya saura kwata, asibiti kuma tafiyar minti arba'in ce.

"Iya, kashe murhun nan ki buɗe taga!"

"A wannan sanyin? Ɗan nan, ba ka da hankali."

Ya san ta sarai, yana juya baya za ta sake hura wuta, hayaƙin da bai sami hanya ba kuwa kisan mummuƙe yake yi. Ya yi tsaki, ya zagi hankaki har kakanninsu, ya jingina tsani. Sauri ya haifi nawa, igiya ta sarƙe har sau biyu kafin ƙiraren sheƙar su rufto.

Biyu da minti ashirin ya faɗo asibiti yana haki. Wata nas ta tare ƙofa.

"Baba, ina zuwa da wannan kunkunniyar? An riga an shiga da ita."

Ya tsaya riƙe da rigarsa, hawaye na tsaga baƙin fuskarsa.

"Au, kai ne mijin? Ta ce in ka zo ka bar rawar jiki, ka duba rigarka daga ƙasa. Mun yi, mun yi ta saki abin da ke hannunta, ta ƙi. Sai manna mata shi muka yi a tafi da filasta."

Ottmar ya sunkuya. Maɓallin ƙasa babu shi. Zaren ba tsinkewa ya yi ba, da almakashi aka datse shi tsaf, irin yankan Walburga. Wuni guda yana gadin riga bai lura ba.

Ya cire hula, ya sami benci, ya zauna, karon farko tun asuba, yatsansa a kan guntun zaren.