Malam Nu'uman Mai Bin Waɗanda Suka Faɗi

Kullum da sassafe, kafin masu koko su sauke tukunya, za ka hangi Malam Nu'uman yana tura babur ɗinsa da gudu, riga na kaɗawa, har sai injin ya ga dama ya yi tari ya kama. Haka ya yi shekara talatin da ɗoriya yana zuwa wata sakandare a bayan garin Daura, inda yake koyar da lissafi, kuma a hannunsa ɗalibai ke karɓar sakamakon jarrabawar fita. A watan nan ya yi ritaya.

Ranar da sakamako ya fito, sauran malamai gidajen zakaru suke nufa, inda ake yanka kaji. Shi kuwa gidajen waɗanda suka faɗi yake bi, kamar mai zagayen ta'aziyya. Ba ya musun cewa yawancin masu sakamako mai kyau sukan yi kyau a gaba. Amma ya ga wanda ya cinye komai, ya je jami'a ya dawo da jakar kayansa kaɗai. Ya kuma ga wadda ta sha da ƙyar, yau ita ke koyar da masu koyarwa. Shi ya sa yake cewa takarda labarin jiya take bayarwa, ba ta san gaibu ba.

Mutanen kara, wato kasuwar shanu, ba za su manta da Lahadin Yazid ba.

Yazid ɗan Alhaji Ɗantsoho ne, dillalin shanu a kasuwar Mai'adua. Yaron ya faɗi lissafi, ya faɗi Turanci, sauran ma da rarrafe ya tsallake. Alhaji bai yi faɗa ba. Cewa ya yi boko ya ƙare, Yazid ya bi tirelar shanu zuwa Legas ya koyi sana'a. Malam ya isa gidan ya tarar har an wuce da yaron kasuwa. Shi kuwa ya san abin da takardar ba ta faɗa ba: zangon ƙarshe duk a jinyar mahaifiyarsa Yazid ya yi shi. Ya tura babur, ya bi su.

Ya iske an gama lodi, Yazid na zaune can saman tirela. Aka gaisa. Alhaji ya ce shi fa idan ya buɗe bakin bijimi ya ga haƙori, magana ta ƙare, kuma ya ga haƙorin karatun ɗansa. Malam ya roƙa, ya kawo misali, ya kawo wani. Alhaji ya ci gaba da ɓare goronsa.

Sai Malam ya tattare riga, ya kama ƙarfe ya haye motar, da nufin ya sauko da yaron. Santsi ya kwashe shi, ya faɗa tsakanin bijimai biyu. Direba bai ga komai ba, ya ja mota.

Alhaji ya duba, babu abin hawa kusa sai babur ɗin Malam. Waɗanda suka gani sun rantse cewa tun da suke ba su taɓa ganin Alhaji Ɗantsoho da gudu ba sai ranar, yana tura babur yana tsine masa, hularsa a ƙasa. Da ƙyar injin ya kama, sai dab da shiga Daura ya sha gaban motar. Aka zaro Malam babu takalmi ɗaya, wani bijimi ya tauna masa rabin hannun riga.

Ko ruwa bai nema ba. Ya nuna bijimin, ya tambayi Alhaji yadda yake ranar da ya saye shi. Alhaji na haki ya ce ramamme ne, ƙashi da fata, kowa ya ƙi shi, shi ne ya ɗaure shi a turke ya ba shi dusa da harawa.

"To, Alhaji, bijimi ka yi masa haƙurin damina guda. Ɗanka fa?"

Alhaji ya daɗe yana kallon bijimin. Can ya ce wa Yazid ya sauko, ya ba shi shekara ɗaya, kuma ko kyauta kada Malam ya sake ba shi aron wannan babur.

Shekarar nan Malam ya yi ta zaunar da Yazid bayan la'asar. Yazid ya sake jarrabawa, ya ci, ba wani ci na a zo a gani ba. Ya shiga jami'a ta ƙaramar ƙofa, ya fito cikin na gaba-gaba a ilimin kiwon dabbobi. Yanzu digiri na biyu yake yi, kuma duk wanda ya zauna a rumfar Alhaji sai ya ji Alhajin na cewa shi dama tun yaron na goye ya ga alama.

Malam, kai ne uban waɗanda ba a yanka wa kaza ba. Kai ne kake sallama a ƙofar da kowa ke kauce wa. Ba duk wanda ka bi ne ya dawo ba, kai ma ka sani, amma ba ka taɓa barin takarda ta yanke wa yaro hukunci ita kaɗai ba. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara lafiya.

Ku kuma malaman da ya bari a baya, sakamako na nan tafe. Ba a ce ku hau motar shanu ba. Ku dai isa gidan kafin a gama lodi.