Abokan Zaman Lallen Tsohuwa

A jikin katangar gidana ta gabas akwai lalle, jere guda, daga ƙofar ɗakin matata har zuwa inda randa take. Ba ni na dasa ba. Ita ta zo da rassansa daga gidan iyayenta a Roni, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, shekarar da aka kawo mini ita ƙauyenmu na gefen Gwiwa. Ni abin da na iya shi ne gero da dawa da wake. Duk tsiron da ba ya shiga tukunya, a wurina ciyawa ce mai girman kai.

In bazara ta zo ƙarshe, lallen kan fid da ƙananan furanni farare, ƙamshinsu ya cika tsakar gida har zaure. Ita ke yi masa aski, ita ke share gindinsa, ita ke korar kaji.

Sai idonta ya fara tafiya. Mun je asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Wata rana ta fito ɗibar ruwa ta yi tuntuɓe da turmi, ta faɗi. Ciwon bai kai ya kawo ba, amma tun daga ranar ta shige ɗaki ta zauna. Sai larura ke fito da ita, shi ma sai an riƙe mata hannu. Matar da in ta buɗe baki maƙwabta ke sanin mun tashi, ta koma "to" da "a'a". Wannan shirun ne ya tsorata ni, fiye da makantar.

Gindin lallen ya zama fili, kaji suka mai da shi wurin wanka. Na ce bari in yi abin kai. Na hau babur zuwa Kazaure, wurin masu sayar da dashe, na zaɓo furanni ja da ruwan ɗorawa, irin waɗanda ake jerawa a gaban ofis. Na dasa, na tsinko ɗaya na kai mata ina ta washe baki. Ta murza shi a yatsu, ta kai hanci.

"Malam, roba ka sayo mini?"

"Ja ne fa, Tsohuwa. Jajir!"

"Allah ya amfana wa masu ido."

Na fito da kunyata. Karatuna bai wuce na allo ba, shi ma rabinsa a kan mangwaro na yi shi, amma ranar na gane cewa na yi wa makauniya kwalliya da launi.

Na koma Kazaure. Na durƙusa gaban dashen, na jawo hulata ta rufe idona, na shiga laluben tsiro ina shinshinawa kamar bunsuru. Mai dashen ya ce, "Baba, lafiya kuwa?" Na ce masa yau hancina ne zai yi ciniki. Da hanci na zaɓo ɗoɗɗoya, da na'ana'a, da ciyawar nan da ake sa wa shayi.

A hanyar komowa shaƙiyancina na ƙuruciya ya motsa. Na san matar nan. Roƙo ba ya fito da ita, lallashi ba ya fito da ita. Amma a duniya ba ta iya jure ta ji ana ɓata aiki.

Da hantsi na ɗauki fartanya na tsaya daidai tagarta, ina magana da kaina da ƙarfi.

"To, na'ana'a dai a gindin lalle za ta zauna, in riƙa kwara musu ruwa safe da yamma."

Na ji tabarma ta motsa.

"A tsakani kuma in jefa 'ya'yan kabewa, ta hau lallen ta yi masa rumfa."

"Kabewa?" Muryar ta fito da ƙarfin da na manta tana da shi. "Kabewa a jikin lallen Innata? Shaƙe shi za ka yi?"

"Ai miya za mu samu."

"Cikinka kawai ka sani! Lalle rana yake so, ba ya son a jiƙa masa ƙafa kullum. Na'ana'a kuwa mayyar ruwa ce, ga cin iyaka. A fasasshiyar tukunya ake sa ta, a ajiye gindin randa inda ruwa ke ɗiga."

"Wace tukunyar? Ni ban ga wata tukunya ba."

Tukunyar tana gabana, har ina taka bakinta.

Sai ga hannu a jikin ƙyaure. Ta fito tana laluben katanga, yatsunta suka sauka a kan reshen lalle na farko, ta tsaya. Na ajiye fartanya zan tare ta, na fasa. Ta bi jeren reshe bayan reshe, tana zagina a hankali, har ƙafarta ta taɓa tukunyar.

"Ga ta nan, makaho."

Ranar ita ta raba wa kowa mazauninsa, ni kuwa lebura. Ɗoɗɗoya a bakin ƙofarta, taku guda daga gindin lallen don kada su yi rigimar abinci, kuma ta ce tana rage sauro. Ciyawar shayi a kwanar da ake juyawa zuwa bayan gida, domin in zanenta ya goge ta ƙamshin zai gaya mata ta iso. Jajayen furannina ta ce a bar su can ƙarshe, tunda ni yaro ne ina son abin wasa. Turmi kuma aka yanke masa hukuncin komawa bayan rumbu.

Da muka gama ta zauna a kan kujerar tsakar gida tana haki, ƙasa ta ɓata ta har gwiwar hannu. Ta ce, "Ka ɗauka ban gane ba? Kai da ka shekara hamsin kana noma, ka rasa sanin halin kabewa?"

Na ce, "To me ya fito da ke?"

"Na ji tsoron kada wautar ta zama gaskiya."

Washegari ina alwalar azahar na ji ƙarar moɗa a bakin randa. Ban juya ba. Ita kaɗai ta je, ita kaɗai ta komo, tana faɗa wai wani ya bar murfin randa a buɗe.