Gem a Cikin Buhun Shanshera

A garinmu, can tsakanin Kura da Bunkure, kowa da abin da yake tarawa. Wani tumaki, wani tantabaru, wani matattun injinan ban-ruwa. Ni kuwa gem nake tarawa, wato na'urorin wasan nan da ake jonawa da talabijin. A shekarun dubu biyu da 'yan kai, duk ranar da na kai tumatir Kano, ba na dawowa sai na ratsa wajen masu kayan gwanjo. Shagona na ƙofar gida ya cika da wayoyi, har ɓera ma sai ya tsaya ya tambayi hanya.

Ina da masu faifai, waɗanda ake yayi a lokacin, ina da 'yar ta hannu mai jera bulo. Amma wadda raina yake kanta ita ce mai kaset, tsohuwa, ruwan toka, mai nauyi kamar tubali. Samari duk sun koma faifai, masu gwanjo sun daina kawo irinta. Ga ni da kaset cike da kwali, in ta mutu duk sun zama marayu, don babu wata na'ura a shagon da za ta karɓe su.

A shekarar da nake ba da labari, mun yanke shinkafar rani, mun buge, mun ɗura shanshera a buhuna, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, mun jere a sito. Sai ga ruwan farko. Kwanon shagona bai tashi yoyo a ko'ina ba sai daidai kan mai kaset. Da na ɗaga ta, ruwan da ya zubo daga cikinta ya isa a shayar da fangalin albasa.

Na saɓe ta sai wajen mai gyaran rediyo a Garun Mallam. Ya jujjuya ta, ya shinshina, ya ce, "Malam, ko da wasa kada ka jona ta yanzu, ƙonewa za ta yi. Ka binne ta cikin busasshiyar shinkafa, ta kwana biyu, shinkafar za ta tsotse ruwan."

Shinkafa kuwa ai mu ne gidanta. Na shiga sito, na farke buhun da ke lungu, na tura na'urar can tsakiya, na sa basilla na ɗinke tsaf saboda ɓeraye. Ɗinki na yi na gwaninta, wanda ko ni ba zan bambance shi da na sauran ba. Ban gaya wa kowa ba, don yayana, wanda shi ke riƙe da harkar gonar, ya sha cewa wasan nan zai sa a daina gaishe ni a masallaci.

Washegari da hantsi na dawo daga duba kwanar ruwa, na leƙa sito don in gaisa da mara lafiya. Wayam. Ko buhu ɗaya babu, sai kaji suna tsince-tsince. Matata ta ce, "Ai tun da safe Yaya ya kawo akori-kura aka kwashe, ya ce yau shanshera ta yi daraja a Kura."

Ban san lokacin da na hau babur ba. Na tabbata a hanyar nan na wuce wata tsuntsuwa tana tashi. Abin da ke cikin kaina ɗaya ne: ƙarfen dillalai. Duk wanda ya san kasuwar shinkafa ya san shi, dogon ƙarfe mai tsini mai rami a ciki. Ba a sayen buhu sai an caka masa shi har ciki, an zaro 'yan ƙwayoyi an murza a tafin hannu. Kuma ba sau ɗaya ba, wanda zai saya ya caka, wanda ba zai saya ba ma ya caka don jin daɗin hannunsa.

Na iske Yaya zaune a kan buhu, wani dillali ya ɗaga ƙarfe zai soka wa buhun da ke kusa da shi. Na kurma ihu, "Tsaya! Kada ka soka!"

Dillalin ya yi tsalle baya. "Maciji ne?"

"Ya fi maciji," na ce, ina haki. Na ja Yaya gefe na faɗa masa a kunne. Shi kuwa Yaya ba ya da kunne sai lasifika.

"Gem? A cikin shinkafata? Jama'a ku zo ku ji! Mai 'ya'ya, da gemu a haɓarsa, ya shuka gem a buhu, yana jira ta tsiro!"

Kasuwa ta ɗauka. Wani ya ce a ba shi iri. Wani ya tambaya ko ta rani ce ko ta damina. Ni dai ban kula su ba, na durƙusa ina rungumar buhuna ɗaya bayan ɗaya, ina matsawa, ina laluben abu mai kusurwa. Kowane buhu da ramukan ƙarfe a jikinsa kamar rariya, kowane rami na gani sai in ji shi a haƙarƙarina. Na rungume na Yaya, na rungume na maƙwabcinsa, har na rungume buhun wani bawan Allah da ya zo daga Madobi, ya ce in na gama in gaishe shi shi ma. Babu.

Da Yaya ya ga gumi yana ɗiga daga haɓata, sai ya rage dariya. "To, in ba ta nan, tana cikin waɗanda Hajiya ta ɗauka. Tun ɗazu aka kai mata a kurar turawa."

Hajiyar nan dattijuwa ce mai sana'ar turara shinkafa a bayan kasuwa. Aikinta ke nan: a juye shanshera a duro, a kwara ruwa, a hura wuta a ƙasa. Wato na ceto na'urata daga yoyon kwano na kai ta inda za a dafa ta.

Tun daga bakin lungu na hango hayaƙi yana tashi daga gidan. Ga shi gidan matan aure ne, surukanta ke yin aikin, namiji baligi ba ya wuce zaure. Na tsaya ina rafka sallama, ina jiyo ƙarar shanshera tana zuba a duro, shaaa, sannan ƙarar ruwa. Na yi sallamar da na tabbata an amsa ta a Bunkure.

Can sai ga Hajiya ta fito, da muciya a hannu, tana share fuska da gefen mayafi.

"Kai ɗan nan, gobara ce?"

"Hajiya, don Allah a dakata da juyewa. Akwai ajiyata a cikin buhu ɗaya."

"Ajiyar me? Zinare?"

"Na'ura ce. Ta wasa. Ana jona ta da talabijin, sai wani ɗan mutum ya fito yana tsalle, kai kuma kana tuƙa shi."

Ta dube ni daga hula har silifa. "Ɗan mutum. A cikin buhu. Ɗan nan, ka ci abinci yau?"

"Hajiya, ki taimake ni."

"Ni dai shinkafa na saya da duk abin da ke cikinta. In ɗan mutum ne ma, ya zo ya taya mu hura wuta." Ta juya ta ɗaga murya, "Ke amarya! Ku tsaya haka nan. In kun ga wani ɗan mutum yana tsalle a duro, ku kamo shi, ga ubansa a zaure!"

Dariyar matan ta taso daga cikin gida kamar an saki kaji. Hajiya ta koma, ta bar ni da bangon zaure. Na zauna, na tashi, na ƙirga azara, na manta lissafin, na sake. Ina jin ana jan buhu, ana farke ɗinki, ana zazzagewa a kan tabarma. Wata ta ce, "Babu a wannan." Wata ta ce, "To ko yana cikin wanda muka riga muka jiƙa?" Wallahi a nan na ga kwalin kaset ɗina a idona, ina raba wa yara suna yin mota da su.

Sai na ji ƙwal, abu mai nauyi ya faɗo a kan tabarma, sai aka yi guɗa. Guɗa sosai, irin ta biki.

Hajiya ta fito riƙe da ita a cikin faifan tankaɗe, ta yi fari fat da ƙura. "Ga jaririnka. Saura buhu ɗaya a kai kansa." Na karɓa, na jujjuya ta. A gefenta na dama ga rami, ƙarfen dillali ya shiga ya fasa roba, ban san iya inda ya kai ba.

A hanyar komawa tafiyar hawainiya na yi, har masu keke suna wuce ni suna yi mini sannu. Na zazzage ta a ƙofar shago, shansherar da ta fito daga cikinta ta ishi kaza da 'ya'yanta kalaci. Na tada janareto, na hure kaset, na danna shi, na yi bisimilla, na rufe ido ɗaya, na kunna.

Talabijin ya yi ƙifta-ƙifta, ya yi layi-layi, sai ga ɗan mutumina tsaye, lafiyarsa ƙalau. Na matsa, ya yi tsalle. Amma shiru. Na murɗa sauti har ƙarshe, ko tari bai yi ba. Ƙarfen ya bar mata ido, ya tafi da muryarta, kuma duk masu gyaran da na kai wa daga baya sun kasa dawo da ita.

Haka na ci gaba da buga ta, bebiya. Kiɗan kuwa na haddace shi tun tuni, sai na riƙa yi da bakina, har da ƙarar tsalle da ta faɗawa rami. Da la'asar ɗin ranar Yaya ya dawo daga kasuwa, ya tsaya a bakin shago yana sauraron ƙato yana "tuyun, tuyun" shi kaɗai. Ya daɗe a tsaye, sannan ya cire takalmi ya shigo, ya ce in matsa masa ya ga ɗan mutumin da ya hana shi ciniki.