Malam Nu'uman, Mai Karanta Sawun Sanda

Da an idar da sallar asuba, Malam Nu'uman yakan saɓa tsohuwar sandarsa ta golf, ya ɗauki tsintsiya, ya gangara bakin kogin Wudil. Sai ya share rairayi ya yi sumul kafin ya yarda wani ya bugi ƙwallo da sandar. Masunta sun daɗe suna tsokanarsa: "Malam, yau ma kogin za a share?" Murmushi kawai yake yi.

Shekara talatin da takwas ya yi yana ɗaukar wa manya jakar sanduna a wani filin golf a Kano. Bai taɓa ɗaga kofi ba. Amma tsayuwa a bayan masu bugu ta koya masa abin da su kansu ba sa gani: tun sanda na fara saukowa daga sama ake sanin inda ƙwallo za ta faɗa. Bayan ya dawo gida, likita ya gaya masa hawan jinin ido ya ci ƙarfinsa, ɗan ganin da ya rage ba zai daɗe ba. Makantar ba ta tsorata shi ba kamar a ce ilimin nan ya bi idon ya tafi.

Shi ya sa ya fara koyar da bugun a bakin kogi. Cikin masu zuwa koyo, Garzali, direba a jami'a, ya fi kowa naci, ya kuma fi kowa ba shi wahala. Ƙato ne da ya tashi da gatari a Lajawa. Duk bugun da ya yi, sai ƙwallo ta karkace dama.

"Ba faskare na sa ka ba," in ji Malam. "Kafaɗarka ke riga komai motsi, sai kan sanda ya fita waje, ya dawo ya yanki ƙwallo a kaikaice. Dubi sawun da sandar ta bari a ƙasa, hagu ya nufa."

"Wallahi Baba, ni ji nake daidai na sauko."

"Kowa haka yake ji. Rairayin ne ba ya ƙarya."

Ya ja shi bakin ruwa, ya nuna masa wani masunci yana jefa birgi, komar kamun kifi. "Ka ga, ƙugu ke fara juyawa, hannu ya biyo baya. Kai ma haka. Bar hannuwa su faɗo, gwiwar hannunka ta dama ta nemi haƙarƙari."

Kai ne, Malam, mai haƙurin masunci. Mu ɗalibanka mun gan ka da azumi a bakinka kana maimaita magana ɗaya sau hamsin, ba tsawa, ba tsaki. Mun ga ranar da ka nemi ƙwallo a gabanka ka rasa, ka kawar da kai don kada mu ga hawayenka. Mun gani, kuma ya yi mana ciwo.

Damina biyu aka yi a haka. Bana, da ganin ya ƙara raguwa, Garzali ke riƙo hannun Malam zuwa kogi. Ran nan Malama Rahinatu, wata malamar jami'a da ta fara koyo, ta yi bugu. Malam ya ce, "Garzali, karanta mini."

Garzali ya duba sawun. "Kafaɗa ta riga ƙugu, Baba. Daga waje ta sauko."

Malam ya durƙusa, ya bi sawun da tafin hannu a hankali. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya miƙe, muka ɗauka sandar zai ba Garzali, sai ya miƙa masa tsintsiyar.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Yanzu idon ya tafi in ya ga dama."

Mun gode, Malam Nu'uman. Allah Ya saka da alheri, Ya haskaka maka gaba. Mu kuma da muke ƙunshe da ɗan abin da muka sani, mu nemi wanda za mu miƙa wa tun muna gani.